Yadda Ake Haɗa Tauraro Mai Daidaitattun Tsinaye Don Tsakiyar Bargon Ƙyallaye

A kowane shagon ɗinki a Kaduna, daga Tudun Wada har Kawo, ana tara buhunan ƙyallayen atamfa da yadi, musamman a makonnin da ke gaban Sallah, kuma yawancinsu ko dai a cusa su cikin matashin kai ko a kai su bola. Daga cikin mafi kyawun abin da za a iya yi da su akwai bargon haɗi mai cibiya, wato wanda ake sa babban zane guda ɗaya a tsakiyarsa, sannan a riƙa kewaye shi da zagaye bayan zagaye har ya kai girman gado. Wannan salo ya yi tashe a Ingila da Amurka a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, lokacin da mata kan sa yankin yadi mai zanen furanni a tsakiya, su gina sauran aikin a kewayensa. Tauraro na cikin zanukan da suka fi dacewa da wannan matsayi, domin daga bakin ƙofar ɗaki ido yake kama shi.

Sai dai bargo mai cibiya ba ya yafe kuskuren tsakiya. A bargon da aka jera gidaje masu kama da juna, gida ɗaya da ya ɗan karkace yakan ɓace cikin 'yan'uwansa. A nan kuwa, awon kowane zagaye daga awon cibiya ake ɗaukarsa, saboda haka idan cibiyar ta gaza da rabin inci, ko ta fi faɗi a sama fiye da ƙasa, kowane zagaye da aka ƙara zai gaji wannan aibi ya kuma ƙara masa, har a wayi gari bargon ya ƙi kwanciya a kan gado, gefensa yana tattarewa. Abin da ya sa wannan bayani zai daɗe a kan awo, ya wuce da sauri a kan ado, ke nan.

Siffar tauraron da awonsa

Tauraron da na zaɓa shi ne wanda masu wannan sana'a a Amurka suke kira mai haƙoran zarto. Yana da murabba'i a tsakiya, da rassa huɗu, kowane reshe da tsini biyu, sai murabba'ai huɗu a kusurwoyi. Akwai taurari da suka fi shi ƙayatarwa, irin waɗanda ake haɗawa da yanka mai siffar lu'ulu'u a kan kusurwar digiri 45, amma waɗannan suna buƙatar ɗinkin da layuka uku suke haɗuwa a wuri ɗaya, kuma gefen yankansu yana miƙewa da an ɗan ja shi. Wannan kuwa dukkan yankansa murabba'i ne ko mai tsawo, dukkan ɗinkinsa miƙaƙƙe ne, kuma duk awonsa yana ƙarewa da rabin inci, abin da ke sauƙaƙa aiki ga wanda ke yanka da almakashi.

Domin cibiyar ta yi girman da ya dace da bargo, za a yi tauraro a cikin tauraro. Ƙaramin zai zama inci 12 a kowane gefe bayan an gama, shi ne kuma zai zauna a matsayin murabba'in tsakiya na babban, wanda zai zama inci 24. Kafin a ɗinke su da abin da ke kewaye da su, ƙaramin zai auna inci 12½, babban kuma inci 24½, domin kowane gefe yana ɗauke da rarar ɗinki ta kwatan inci. A riƙe waɗannan lambobi biyu da kyau, da su za a riƙa gwada aikin.

Zaɓen yadi da shirya shi

Ban da ƙyallen atamfa na murabba'in tsakiya, ana buƙatar yadi kala huɗu: na ƙaramin tauraro, na filin da ke bayansa, na tsinayen babban tauraro, da na babban fili na waje. Rabin yadi ya isa ga kowanne daga na biyun ƙarshe, kwatan yadi kuma ya isa ga na biyun farko. Abin da ke fito da tauraro shi ne bambancin haske da duhu, fiye da bambancin launi. Idan aka sa ja mai duhu kusa da kore mai duhu, daga nesa tsinayen za su narke cikin fili, komai kyan ɗinkinsu. A ganina haɗin da ba ya ba da kunya shi ne babban fili fari ko ruwan madara, tsinayen babban tauraro shuɗi mai duhu, filin ciki ruwan goro, ƙaramin tauraro kuma ja mai duhu tare da furen atamfa a tsakiyarsa. Atamfa mai manyan zanuka ta dace da murabba'in tsakiya kaɗai. Idan aka yanka ta a matsayin tsini, wani tsinin zai fito da haske, wani da duhu, tauraron ya zama kamar ya rasa wasu rassansa.

Lallai ne yadin ya zama auduga zalla, kuma dukkan kalolin su yi kusa da juna a kauri. Tun da yawancin masaƙun Kakuri suka daina aiki, abin da ake samu a Kasuwar Barci da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya haɗa da auduga da kuma mai gaurayen roba, kuma ido kaɗai ba ya rarrabe su kullum. A yanki ɗan ƙyalle a kusantar da shi ga wutar ashana a wuri mai aminci: auduga takan ci da wuta da ƙauri irin na takarda, ta bar toka mai laushi, mai roba kuwa yakan narke ya dunƙule ya yi tauri. Yadin roba ba ya riƙe karin guga, yana zamewa a ƙarƙashin ƙafar keke, kuma dutsen guga mai zafi yana iya tattare shi. Shadda ma ban ba da shawarar a fara da ita ba, saboda santsinta.

A wanke kowane kala shi kaɗai kafin a yanka. Auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, kuma ja da shuɗi sukan zuba. Gwamma su yi hakan yanzu da su yi shi a kan farin fili bayan an sha wahalar ɗinki. Idan ruwan ɗauraya bai daina canza launi ba, a ajiye wannan yadi a nemi wani. Bayan ya sha iska, a sa masa sitati mara kauri sosai a goge shi har ya ɗan yi ƙarfi a hannu. Yadin da ya sha sitati ba ya miƙewa lokacin zana layi da ɗinki, kuma wannan ɗan aiki yana rage kuskure fiye da yadda ake zato. Sai dai a tuna cewa sitacin rogo yana jawo ƙwari idan kaya suka daɗe a ajiye, don haka za a wanke bargon idan an kammala shi.

Kayan aiki

Keken ƙafa irin Butterfly ko Singer ya wadatar, har ma ya fi keken masana'anta mai gudu sauƙin sarrafawa a wannan aiki. Ana buƙatar sabuwar allura mai lamba 11 ko 14, siririn zare mai ƙarfi iri ɗaya a sama da ƙasa, almakashi mai kaifi, fil sirara, fensir mai tsini, rula ta ƙarfe ko ta roba mai tauri, da dutsen guga. Wanda ya samu wuƙar yanka mai gewayawa, irin wadda kamfanin Olfa na Japan ya fara fitarwa a 1979, tare da faifan yankanta da rularta, aikinsa zai yi sauri, amma an yi shekaru da dama ana haɗa taurari masu kyau kafin zuwanta. Tef ɗin awo na tela kuwa a ajiye shi gefe, domin yana miƙewa da tsufa. Rula ɗaya za a yi amfani da ita daga farko har ƙarshe.

Mataki na farko: gwajin rarar ɗinki

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne wanda gogaggun teloli suka fi tsallakewa. Hannun tela ya saba barin rabin inci ko inci guda a gefen riga domin a iya buɗe ta nan gaba, kuma idan ɗinkin ya ɗan kauce babu mai lura. A haɗin ƙyallaye rarar kwatan inci ce, wato kimanin milimita 6, kuma dukkan awon yanka a kanta aka gina shi.

Ga lissafin abin da ke faruwa idan ta kauce. A ce kowane ɗinki ya wuce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, abin da da ƙyar ido zai gani. Tun da ɗinki yana cin yadi daga ɓangarori biyu, kowane layi zai cinye kashi ɗaya cikin 8. A faɗin tauraronmu akwai irin waɗannan layuka huɗu, saboda haka cibiyar za ta gaza da rabin inci cif, kuma kowane tsini zai rasa kansa.

Domin a kafa ma'auni, a zana layi a kan ɗan kwali, kwatan inci daga gefensa. A sa kwalin a ƙarƙashin ƙafar keke, a sauke allura da hannu ta shiga a gefen layin na dama, kamar kaurin zare ɗaya. A sauke ƙafar, a tabbatar kwalin ya miƙe, sannan a manna salatif na takarda a jikin farantin keken daidai gefen kwalin, a ƙara wani a kan wani har ya yi tudun da yadi zai riƙa jingina da shi. Dalilin rage kaurin zare ɗaya shi ne, idan aka buɗe ɗinki aka goge, lanƙwasar yadin da kaurin zaren suna cinye ɗan wuri, kuma wannan ragi ne yake mayar da shi.

Daga nan sai a gwada. A yanka tsiri uku daga yadin da za a yi aikin da shi, kowanne faɗin inci 1½, tsawon inci 4. A ɗinke su gefe da gefe, a goge, a auna. Faɗin duka ukun ya zama inci 3½, tsirin tsakiya kuma inci 1 daidai. Idan ya gaza, rarar ta yi yawa, sai a matso da salatif kusa da allura. Idan ya wuce, a matsar da shi baya. A maimaita da sababbin tsirai har awon ya fito daidai, ko da hakan zai ci rabin sa'a. A kuma daidaita tsawon ɗinkin ya zama kimanin taku 12 a kowane inci, domin ba a yin ɗinkin komawa baya a farko da ƙarshen layi, gajerun taku ne suke riƙe shi.

Mataki na biyu: yanka

Ga ƙaramin tauraro, a yanka murabba'i ɗaya na inci 6½ don tsakiya, da murabba'ai takwas na inci 3½ don tsinaye. Daga yadin filin ciki a yanka guda huɗu masu inci 3½ a faɗi da 6½ a tsawo, da murabba'ai huɗu na inci 3½. Ga babban tauraro, a yanka murabba'ai takwas na inci 6½ don tsinaye, daga babban fili kuma guda huɗu masu inci 6½ da 12½, da murabba'ai huɗu na inci 6½. Duka yanka 33 ke nan.

Mai yanka da almakashi ya fara yin ma'auni na kwali mai tauri ko na roba mai shara-shara don kowane awo. A tabbatar kusurwar ma'aunin ta tsaya daidai ta hanyar da magina suke gwada kusurwar ɗaki: a auna inci 3 a gefe ɗaya, inci 4 a ɗayan, tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ta zama inci 5. A shimfiɗa yadin baya a sama, a jera gefen ma'aunin da tsayen zaren yadi, a zana da fensir mai tsini, a yanka ta cikin layin, domin fensir yana ƙara ɗan faɗi a kowane gefe. Kada a yanka fiye da ninki biyu a lokaci ɗaya, kuma kada a sa bakin yadi mai tauri a cikin yanka. Game da murabba'in tsakiya, a yi amfani da ma'auni mai shara-shara domin furen atamfa ya zauna a tsakiya sosai. Wani lokaci zanen atamfa yakan ɗan karkace daga zaren yadin. A wannan yanki ɗaya a bi zanen, sitati zai riƙe shi. Idan an gama, a sake auna kowane yanki, wanda ya gaza a sake shi nan take.

Mataki na uku: haɗa rassa

A bayan kowane murabba'in tsini a zana layi daga kusurwa zuwa kusurwa. Idan yadin yana motsi a ƙarƙashin fensir, a sa takardar goge katako mai laushi a ƙarƙashinsa, kuma a ja layin daga tsakiya zuwa kowace kusurwa domin kada ya miƙe.

A shimfiɗa yankin fili mai inci 3½ da 6½ a kwance, fuska a sama. A kifa murabba'in tsini a kan ƙarshensa na dama, fuska da fuska, gefuna uku sun yi daidai, layin fensir ya taso daga kusurwar ƙasa ta dama ya nufi wajen tsakiyar gefen sama. A ɗinka a jikin layin, amma allurar ta bi gefensa da ke kallon kusurwar da za a yanke, kamar kaurin zare ɗaya, saboda dalilin da aka ambata a baya. An fi so a fara daga wajen tsakiyar gefen sama, domin idan aka fara daga kusurwa haƙoran keke sukan cusa ta cikin ramin allura. Wata dabara mai amfani ita ce a fara ɗinki a kan ɗan ƙyalle da aka ninka, sannan a tura ainihin yankin a bayansa ba tare da an tsinke zare ba, a kuma bi da sauran ukun a jere.

Kafin almakashi ya taɓa komai, a naɗe rabin murabba'in zuwa kusurwar sama ta dama, a danne da yatsa a duba. Alwatikar da ta fito ta rufe kusurwar filin da ke ƙarƙashinta daidai, ba gibi, ba rara. Idan ta gaza, a farke a sake, domin a wannan lokaci farkewa ba ta da asara. Idan ta yi daidai, a mayar da ita, a yanke ninki biyu na kusurwar a bar kwatan inci daga ɗinkin, sannan a goge alwatikar ta buɗe.

Sai an goge na farko ake ɗora na biyu. A kifa wani murabba'in a ƙarshen hagu, layinsa ya taso daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa wajen tsakiyar sama. Zai hau kan na farko da rabin inci, haka ya kamata. A ɗinka, a duba, a yanke, a goge. Reshen da ya yi daidai zai auna inci 3½ da 6½ kamar yadda filin yake tun farko, kuma wurin da ɗinkuna biyun suka gicciye, wato kan alwatikar fili, zai kasance kwatan inci daga gefen sama, inci 3¼ daga kowane gefe. A auna duka huɗun. Haka za a yi rassan babban tauraro, waɗanda za su auna inci 6½ da 12½, magicciyarsu inci 6¼ daga kowane gefe. A kansu a sa fil biyu ko uku, tun da layin ya fi tsawo.

Kusurwoyin da ake yankewa ba asara ba ne. Idan kafin yanka aka yi ɗinki na biyu, rabin inci daga na farko ta wajen kusurwar, aka yanka a tsakaninsu, za a samu murabba'i mai kala biyu daga kowace kusurwa, wanda za a iya daidaita shi zuwa inci 2½ daga ƙananan, inci 5½ daga manyan, a ajiye don zagayen da za su zo.

Game da guga, a nan dannawa ake yi a ɗaga. A fara danna ɗinkin yana rufe yadda ya fito daga keke domin zaren ya kwanta, sannan a buɗe da yatsa, a sake dannawa. Jan dutsen guga gaba da baya a kan ɗinkin da ya bi karkace yana miƙar da shi, reshen ya lanƙwashe kamar baka. Kada a yayyafa ruwa a wannan mataki. Idan an ɗauke wuta aka koma dutsen gawayi, a shimfiɗa farin ƙyalle a kan aikin domin toka da ƙuna.

Mataki na huɗu: haɗa ƙaramin tauraro

A jera yankunan tara a kan tebur a sahu uku. Sahun sama da na ƙasa: kusurwa, reshe, kusurwa. Sahun tsakiya: reshe, murabba'in tsakiya, reshe. A kowane reshe, kan alwatikar fili yana kallon tsakiya, gindinta yana waje. A tsaya a duba wannan da kyau, domin kifa reshe ɗaya kuskure ne da ke faruwa ko ga wanda ya ƙware.

Wajen ɗinke reshe da murabba'in tsakiya, a sa reshen a sama, bayansa yana kallon mai ɗinki, domin a ga wurin da ɗinkuna biyun suka gicciye. A sa fil a farko, a ƙarshe, da gefe biyu na magicciyar. Idan allura ta iso wurin a rage gudu, a bi ta saman magicciyar da kaurin zare ɗaya ta wajen gefen yadi. Idan aka bi ta cikinta, an yanke wa alwatikar kai. Idan aka yi nisa da ita, za a ga gibi tsakaninta da tsakiya. A cire kowane fil kafin allura ta kai gare shi, kuma a riƙe yadin har taku na ƙarshe, domin a ƙarshen layi ne rarar takan tsuke idan hannu ya saki.

A goge rarar sahun sama da na ƙasa ta kwanta wajen kusurwoyi, ta sahun tsakiya kuma ta kwanta wajen murabba'in tsakiya. Da haka, idan aka kifa sahu a kan sahu, rarar ɗaya tana kallon hagu, ta ɗayan tana kallon dama, sai su cije da juna, har yatsa yana jin sun zauna. Kowane sahu ya auna inci 12½ a tsawo kafin a ci gaba. A sa fil a mahaɗun biyu, a ɗinke sahun sama da na tsakiya reshe yana sama, haka na ƙasa, a goge. Ƙaramin tauraro ya auna inci 12½ a kowane gefe, kuma kan kowane tsini daga cikin takwas ɗin ya tsaya kwatan inci daga bakin yadi.

Idan ya gaza da abin da bai kai kashi ɗaya cikin 8 na inci ba, sau da yawa laifin guga ne: a duba ko akwai ɗan ninki da ya ɓuya a jikin ɗinki, a buɗe shi a sake dannawa. Idan ya gaza da kwatan inci, a farke ɗinkunan haɗin a sake su. Idan kuwa ya wuce, kada a yi saurin datse gefensa da almakashi, domin datsewar za ta cinye rarar da ke kare tsinaye. A nemo ɗinkin da ya yi siriri a gyara shi.

Mataki na biyar: babban tauraro

Tsarin ɗaya ne, sai dai yanzu akwai tsini a ɓangarori biyu na ɗinki: kan alwatikar babban reshe a tsakiyar layin, da tsinaye biyu na ƙaramin tauraro, kowanne inci 3¼ daga ƙarshen gefensa. A ninka gefen ƙaramin tauraro a sami tsakiyarsa, a haɗa ta da magicciyar reshen, a sa fil. Sannan a soka fil ta kan kowane ƙaramin tsini, a ga ya fito a bayan reshen kwatan inci daga baki, a yi alama da fensir a wurin. A ɗinka reshe yana sama, ana bin magicciya da alamomin biyu. Wanda bai amince da hannunsa ba tukuna ya fara bin layin da dogayen taku, ya buɗe ya duba tsinaye ukun, idan sun fito sai ya maimaita da gajerun taku. Wannan ya fi farke ƙaramin ɗinki sauƙi, kuma ba ya wahalar da yadi.

A wannan mataki na fi son a buɗe rarar ɗinki biyu a goge ta, rabi nan rabi can, domin ko wane ɓangare aka kwantar da ita za ta haɗu da tarin ninki, ta yi ƙullutu a kan tsini. Tun da babu cijewar rara a mahaɗu, sai a soka fil a tsakiyar ɗinkin sama ya fito ta tsakiyar na ƙasa, a riƙe shi a tsaye, a kafe da fil biyu a gefensa, sannan a cire shi.

Idan an gama, a shimfiɗa aikin a kan tebur mai faɗi ba tare da an ja shi ba. A auna faɗinsa a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, haka tsawonsa. Kowanne ya zama inci 24½. A kuma auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu: awon biyu su zo ɗaya, wajen inci 34⅝. Idan gefuna sun yi daidai amma waɗannan biyu sun saɓa, gidan ya karkace. Maganinsa shi ne a zana murabba'in inci 24½ a kan farin ƙyalle da aka shimfiɗa a kan abin guga, a kafe kusurwoyi da gefunan tauraron a kan layin da fil, a ɗan yayyafa ruwa, a danna, a bar shi ya bushe a wurin.

Mataki na shida: zagayen farko

Zagayen farko a kewayen tauraron ya kamata ya zama tsirin yadi guda, mara haɗi, domin shi ne yake kafe gefuna, shi ne kuma yake kai cibiyar ga awon da zagaye na biyu yake buƙata. A ce ana so zagaye na biyu ya zama jerin murabba'ai masu inci 3, guda tara a kowane gefe. To, dole cibiya da tsirinta su kai inci 27. A cire 24 daga 27, a raba abin da ya rage biyu, an sami inci 1½. A ƙara rabin inci na rara, sai a yanka tsirin a faɗin inci 2. Idan kuwa bayan duk ƙoƙari tauraron ya tsaya a inci 24¼ amma tsinayensa lafiya lau, wato zai gama a 23¾, sai a yanka tsirin a faɗin inci 2⅛, kuma zagaye na biyu zai zauna daidai.

Kada a ɗauki dogon tsiri a ɗinka shi a gefe sannan a datse abin da ya rage, domin haka ne ke sa gefen bargo ya yi ta tattarewa. A yanka tsiri biyu a tsawon awon da aka samu ta tsakiyar tauraron, wato inci 24½, a haɗa tsakiyar kowanne da tsakiyar gefen dama da na hagu, a kafe ƙarshe da ƙarshe, a cika fil a tsakani. A ɗinka tauraron yana sama, domin a ga kan kowane tsini a bi ta samansa. A goge rarar wajen tsirin. Sannan a yanka wasu biyu masu tsawon inci 27½, a ɗinka su sama da ƙasa ta wannan hanya, a sake auna faɗi da tsawo da kusurwoyi. Idan za a ajiye aikin kafin a ci gaba, a bi bakinsa duka da ɗinki ɗaya, kashi ɗaya cikin 8 na inci daga gefe, domin kada ƙarshen ɗinkuna ya warware, a kuma naɗe shi a jikin kwali mai zagaye maimakon a ninka shi.